Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Gwanja: Me ya sa matafiyi ke ya da zango?

Mai karatu, idan ka taɓa yin sammako ka tsaya a bakin Titin Zariya daidai Gyaɗi-Gyaɗi, ko ka gangara tashar Unguwa Uku a nan Tarauni don neman motar Kaduna, to na san ka sha jin wannan magana daga bakin kwandasta: "Alhaji shigo, ba tsayawa sai Kawo!" Da ita a ke jawo fasinja yanzu, mu kuma har murna mu ke yi. Direban da ya tsaya a hanya don a yi alwala ko ya miƙe ƙafa, sai ka ji 'yan bayan mota sun fara tsaki, wani ma ya ce, "Malam, ka san fa sauri mu ke yi."

To, yau ina so ka ba ni aron hankalin ka mu waiwaya baya kaɗan. Kakannin mu da su ka bi wannan hanya da jakuna ba su ɗauki tsayawa a matsayin ɓata lokaci ba. A wurin su da zango a ke auna tafiya, shi ya sa idan ka tambayi bafatake nisan gari sai ya ce maka zango kaza ne.

Tarihin Kano da a ka rubuta ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, a ka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, wato arewacin ƙasar Gana ta yau. Abin da ke kai Bahaushe can shi ne goro. A ƙarni na 19 wannan fatauci ya kai ƙololuwa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Su kan ɗora wa jakuna turkuɗi da kanwa da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Zugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har su sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Baturen nan Kilafatan, a tafiyar sa ta 1826, ya ci karo da irin wannan ayari a Borgu ya na dawowa daga Gwanja, maza da mata wajen 1,000.

Ka yi tunanin mutum 1,000 da dabbobin su a tsakiyar daji. Ina za su sha ruwa? Ina za su kwana ba tare da 'yan fashi sun far masu ba? Wannan shi ne aikin madugu. Ba a naɗa mutum madugu don ya fi kowa sauri. A na naɗa shi ne don ya san inda rijiya ta ke, ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa kafin a sauka a ƙasar sa, ya san kogin da a ke biyan kuɗin fito. Jagaba ya na gaba, uban dawaki na taimaka masa, a kan kuma tafi da malami mai rubutu da addu'a. Tun da asuba a ke ɗaura kaya, kafin rana ta take an isa zango. A sauke wa jakuna, a kafa bukkoki, mata su hura wuta, mutanen ƙauye su fito da fura da hatsi da ciyawa, nan take kasuwa ta ci.

Idan ka duba da kyau, abu huɗu zango ke ba matafiyi. Na farko ruwa da hutu, ga mutum da dabba. Na biyu tsaro, don wanda ya kwana cikin jama'a ya fi wanda dare ya riska shi kaɗai. Na uku ciniki. Na huɗu, wanda a gani na ya fi sauran, shi ne labari. A zango ne ayarin da ke tafiya ke haɗuwa da wanda ke dawowa, a ji nawa goro ya ke a Salaga, wane sarki ya rasu, wace hanya ce ta ɓaci. A manyan garuruwa kuwa akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba ka ɗaki, ya adana maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka idan an yi rigima.

Daga irin wannan tsayawa garuruwa su ka tashi. Je ka Kumasi ko Ankara ta ƙasar Gana ka ce a kai ka Zango, za a kai ka unguwar da har gobe Hausa a ke yi. Wasu sun sauka ne da niyyar kwana biyu, su ka yi aure, su ka gina masallaci, shi kenan. Malam Umaru, wanda a ka haifa a Kano a 1858, ya bi wannan hanya har Salaga, da yaƙin basasar garin ya tashi a 1892 ya koma Kete-Karachi, a can ya koyar, ya yi waƙoƙi da rubuce-rubucen ajami har ya rasu a 1934. A nan kusa da mu kuwa ga Bebeji, tsohon masaukin masu zuwa Kano daga Zazzau. Kilafatan ya sauka a can a 1826. A wannan gari a ka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro. Kafin rasuwar sa a 1955 sunan sa ya zaga Afrika ta Yamma, amma makarantar sa ta farko ita ce garin da ayari ke sauka.

Marubutan mu na farko sun fahimci wannan. Ɗauki "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, ko "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Dukkan su labaran tafiya ne, kuma idan ka lura, abin da ke riƙe mai karatu ya na faruwa ne a inda a ka sauka, ba a kan hanya ba.

Abin da ya fara karya ayari shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga nan jirgi ya hauro da shi. Tsofaffin zanguna da layin dogo bai bi ta kan su ba su ka fara mutuwa. Amma da mota ta zo, sai sababbi su ka tsiro a bakin kwalta. Su ne waɗannan sunaye da ka saba ji masu farawa da "Tashar" ko "Kwanar" ko "Mararrabar".

Mu fita daga Gyaɗi-Gyaɗi tare ka gani. Ka wuce Unguwa Uku da Na'ibawa, ba jimawa ka na Kura, garin shinkafa da tsohuwar sana'ar rini. Gaba kaɗan ga Kadawa da Kwanar Gafan, inda a lokacin rani kwandunan tumatir ke jere, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Wannan albarka ta fito ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda a ka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. 'Yan fim na farkon shekarun 2000 sun san wannan yanki sarai, don sau nawa a ka kwashi kyamara daga Titin Gidan Zu a ka tafi Tiga ɗaukar waƙa? Sai Ciromawa, sai Kwanar Ɗangora inda hanyar Jos ta rabu. Da ka shiga Jihar Kaduna ga Tashar Yari a ƙasar Maƙarfi, ƙasar rake da mazarƙwaila. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan ya na da abin da ya fi kowa, kuma ba za ka san shi ta tagar mota mai gudu ba.

A 2018 a ka fara sabunta tagwayen hanyar Abuja zuwa Kano. Hanya mai kyau alheri ce, ba mai musu. Sai dai ta zo da jarabawa: kowa na son ya yi tafiyar a numfashi ɗaya. Na taɓa shiga wata mota da daddare, direban ya kwana biyu bai runtsa ba, ya na ta tauna goro ya na ƙara sautin rediyo. Wani dattijo a gaba ya ce, "Ɗan nan, don Allah tsaya mu yi sallah." Mu ka yi ta gunaguni. Da a ka tsaya, direban ko alwala bai ƙarasa ba ya ɓingire a kan benci wajen mai shayi. Rabin awa mu ka ba shi. A cikin rabin awar nan mai shayin ya gaya mana cewa wata tirela ta faɗi a gaba ta tare hannu ɗaya, mu bi a hankali. Ka ga ruwa, ga hutu, ga labari, kamar dai zamanin madugu. Da mun bi son ran mu, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Ba na ce ka tsaya ko'ina ba. Madugu ma zaɓe ya ke yi, kuma da yanayin tsaron hanyoyin mu dole a yi hattara. Wurin da ya cancanci tsayawa shi ne mai jama'a da haske, mai masallaci da ruwan alwala da makewayi mai tsabta har ga mata, inda direbobin da su ka saba da hanyar ke sauka. Idan ka tsaya kuma, kada ka zauna cikin mota ka na latsa waya. Fito ka yi sallama, ka tambayi mai tumatir yaya kasuwa bana, ka sayi tsarabar da a garin a ke yin ta. Naira ɗin da ka kashe a nan ita ke riƙe da yarinya mai tallar gyaɗa da tsohon da ke sayar da rake, jikokin waɗanda su ka shayar da ayarin kakannin ka.

Saboda haka, mai karatu, in ka sake hawa mota a Unguwa Uku, direba ya rage gudu ya ce a sauka a sha iska, kada ka kasance cikin masu tsaki. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.