Lambar da Ta Kā da Maganar Fada Mersenne

Mai karatu, ka ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ninka ta, ta zama 2. Ka sake ninkawa ta zama 4, sa'an nan 8. In ka yi ninki 67, ka cire ƙwaya ɗaya, abin da ya rage shi ne 147,573,952,589,676,412,927.

Masu lissafi sun kasa lambobi kashi biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15, wadda ita ce 3 sau 5. Akwai kuma marasa rabuwa, kamar 7 da 31, waɗanda ba lambar da za ta raba su daidai sai 1 da su kansu. To, a wane kashi wannan doguwar lamba take?

A shekara ta 1644 Fada Marin Mersenne na birnin Faris, a ƙasar Faransa, ya buga jerin irin waɗannan lambobi na ninki a cire ɗaya, waɗanda ya ce ba su rabuwa. Ya sa ta ninki 67 a ciki. Shi mutum ne mai daraja, manyan masana na Turai suna rubuta masa wasiƙu, amma bai nuna hujjarsa ba. A ganina bai kamata a yi saurin ba shi laifi ba, gama gwada lamba irin wannan da alƙalami, ana raba ta da wannan da waccan, ya fi ƙarfin kwanakin mutum. Haka maganar ta zauna shekara 232.

A 1876 wani Bafaranshe, Édouard Lucas, ya nuna cewa lambar tana rabuwa. Amma dabararsa tana da iyaka: ta tabbatar akwai abin da ke raba ta, ba ta faɗi ko mene ne ba. Kamar a ce an san ɓarawo yana cikin gari, ba wanda ya san gidansa. A 1883 kuma wani firist na Rasha, Ivan Pervushin, ya gano cewa ta ninki 61, wadda Mersenne ya tsallake, ba ta rabuwa.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Frank Nelson Cole, malami a jami'ar Kolambiya ta Amurka. A watan Oktoba na 1903, a taron masu lissafi a birnin Niyok, aka kira shi ya yi jawabi. Yadda aka ba da labarin, bai ce uffan ba. Ya je wurin allo ya lissafta ninkin nan 67, ya cire ɗaya. Ya koma ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya yi ta bugawa da alli layi bayan layi, har amsar ta fito daidai da ta farko. Ya koma ya zauna, jama'a suka tafa masa.

Yau kwamfuta tana samo lambobin nan biyu kafin mutum ya gama shan ruwa. Cole kuwa, an ce da aka tambaye shi, ya ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe yana neman su.