Haƙƙin Sayen Gidajen Hukuma a Birtaniya

Haƙƙin sayen gida tsari ne da gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa da Dokar Gidaje ta 1980. Ya ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi na Ingila da Wales damar sayen gidan da suke ciki da rangwame. Da farko, wanda ya yi shekara uku yana haya ana rage masa kashi 33 cikin ɗari na kuɗin gidan, ragin yana ƙaruwa da daɗewarsa har zuwa kashi 50.

An sayar da gidaje kusan miliyan biyu a Ingila kaɗai. Magoya bayan tsarin suna cewa ya mai da ma'aikata masu ƙaramin albashi masu gidan kansu. Hujjar masu suka ta fi nauyi: an daɗe ana tauye wa hukumomin ikon gina sababbi da kuɗin cinikin, jerin masu jiran gida ya yi ta tsawo, gidaje da dama kuma sun koma hannun 'yan kasuwa masu ba da haya da tsada.

Sikotland ta soke nata irin wannan tsarin a 2016, Wales a 2019. A Ingila an rage rangwamen sosai a 2024.