Ina Kififiyar Rafin Garinmu Ta Shiga?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙaramar ɗiyata ce ta ɗaure ni da tambaya. Tana karanta wani littafina sai ta ce, "Mama, mece ce kififiya?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin mu da ita muka tashi.

A wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa aka haife ni, ƙasar duwatsu da ƙoramu, ba nisa da Funtuwa inda kogin Sakkwato ya faro. Kunkuru na tudu ne, ita kuwa kififiya ta ruwa ce. In rani ya yi sai ta nutse cikin laka ta yi lamo, ruwan fari na sauka ta fito. Kakata tana da guda a rijiya, ta ce ita ke cinye ƙwarin ruwa, kuma duk yaron da ya tono ƙwanta a yashin rafi sai ya sha tsumagiya. Ba takarda, ba ɗan sanda, amma dokar tana aiki.

To me ya faru? Dattawa sun ce tun farin 1973 da na 1984 wasu ƙoramun ba su koma yadda suke ba. Jama'a ta ƙaru, aka sare itatuwan bakin rafi, masu tifa suka kwashe yashin da take binne ƙwai, injin ban ruwa ya zuƙe kududdufan rani, wasu kuma suka riƙa zuba maganin feshi don kama kifi. Masu magani na neman ƙoƙon bayanta.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 1985 gwamnatin Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 11 kan namun dajin da ke shirin ƙarewa. A 2016, taron CITES na Johannesburg ya sa wa cinikin kififiyoyin Afirka masu taushin baya takunkumi. A 2020 kuma, shi dai Buhari ya amince a mayar da dajin Kogo na ƙasar Faskari gandun daji na tarayya. Sai dai kash! A watan Disamba na shekarar nan ne aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Dajin da manomi ya kasa shiga, wane malamin daji ne zai shiga ya ƙirga kififiya?

Mai karatu, kada ka ce abin wasa ne. Akwai wata babbar kififiya mai taushin baya, ta Nubiya, wadda a da ake samu tun daga Gana da Najeriya har Sudan. Ta ɓace wa masana shekaru da dama, sai a 2017 aka sake ganinta a kogin Nilu na Sudan ta Kudu. Shiru-shiru ta tafi, ba wanda ya lura.

Ni dai abin da na fahimta, dokar Abuja ba ta tsare rafi sai da irin tsawar kakata. Kuma rafin da ya kasa riƙe kififiya, gobe ba zai shayar da shanunmu ba. Na yi wa ɗiyata alkawari in hanya ta yi kyau zan kai ta ta gani da idonta. Allah Ya sa mu tarar da ita, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.