Dariya Da Tashin Zuciya A Silima: Tarihin 'Yan Kallon Wani Fim Na Masu Cin Naman Mutane

Duk ƙarshen watan Oktoba, lokacin bikin Halowin, ƙungiyoyin fim na jami'o'in Ingila da Amurka kan zaƙulo tsofaffin finafinan ban tsoro su nuna da tsakar dare. Da yawa daga cikinmu sun ga abin da ke faruwa a irin wannan zaure. Ana nuna mutum yana feɗe ɗan'uwansa kamar rago, amma rabin 'yan kallo na ta ƙyalƙyala dariya, wasu sun rufe fuska, wani kuma ya miƙe ya nufi ban ɗaki da sauri. Baƙo irinmu yakan ce a ransa, anya mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa? Wannan tambaya ce ta sa na bi diddigin wani fim guda, wato The Texas Chainsaw Massacre 2 na shekarar 1986, domin kuwa a cikin tarihin yadda aka karɓe shi akwai abin da ya shafe mu, mu 'yan Afirka masu karatu a ƙasashen waje.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya sani cewa haɗa jini da barkwanci tsohuwar sana'a ce a Turai. A 1897 aka buɗe wani ɗan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo a birnin Faris mai suna Grand Guignol, inda a dare guda za a yi wasan kisan gilla, a biyo shi da na ban dariya, sannan a sake komawa kisan, tamkar mai wanka da ruwan zafi da na sanyi bi da bi. Max Maurey, wanda ya karɓi ragamar gidan a 1898, har likita ya ɗauka domin masu suma, kuma yawan waɗanda suka sume shi ne ma'aunin nasarar wasa. An rufe gidan a 1962. Shugabansa na ƙarshe ya ɗora laifin a kan Yaƙin Duniya na Biyu, yana mai cewa mutanen da suka ga abin da aka yi a sansanonin Hitila, jinin ƙarya ba zai ƙara girgiza su ba.

To, mu tsallaka Amurka. A 1974 wani matashin darakta ɗan jihar Texas, Tobe Hooper, ya fitar da The Texas Chain Saw Massacre na farko, labarin wani gidan mahauta waɗanda injuna suka raba su da aikinsu a mayanka, sai suka koma yanka matafiya suna ci. Kuɗin da aka kashe bai kai dala 140,000 ba, amma fim ɗin ya kawo fiye da dala miliyan 30. Abin mamaki shi ne jinin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ƙarar zarto mai inji da kururuwar yarinya su ne suka sa mutane suka fito suna rantsuwa cewa sun ga abin da ba a nuna musu ba. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya ta ƙi ba shi lasisi a 1975, ba ta sakko ba sai 1999. Shi kuwa Hooper ya sha faɗin cewa akwai barkwanci a cikin fim ɗin, tsoro ne kawai ya hana 'yan kallo lura da shi.

Shekara 12 bayan nan, da kamfanin Cannon ya ba shi kuɗi ya yi na biyu, sai ya ƙudiri aniyar cewa wannan karon babu wanda zai ce bai ga barkwancin ba. Ya ɗauko Tom Savini, gwanin haɗa raunuka da jinin ƙarya, ya kuma sa Dennis Hopper ya fito a matsayin tsohon ɗan sanda mai neman fansa. A wannan fim, babban gidan, Drayton Sawyer, ya zama ɗan kasuwa mai sayar da abinci, har ya ci gasar dafa miyar nama da barkono ta jihohin Texas da Oklahoma. Da wata mata ta tsinci wani abu mai tauri na jikin mutum a cikin miyar, sai ya ce mata ai ƙwayar masoro ce. A tsakiyar gawarwaki ma ba ya daina ƙorafi a kan yadda haraji ke kashe ƙaramin ɗan kasuwa. Zamanin Shugaba Reagan ne, lokacin da ake yi wa neman kuɗi kirari, kuma habaicin a fili yake: a kasuwar da riba ce kaɗai abin dubawa, wa ya damu da naman me ke cikin tukunya?

Sai dai 'yan kallon watan Agustan 1986 ba su karɓi abin haka ba. Masoyan na farko sun zo neman tsoro suka tarar da shashanci, suka fita da fushi. Masu son raha kuma jinin ya yi musu yawa, musamman inda aka feɗe fuskar wani ma'aikacin gidan rediyo aka manna wa abokiyar aikinsa. Roger Ebert, fitaccen mai sharhin finafinai na Chicago, tauraro ɗaya ya ba shi cikin huɗu. Hukumar tantance finafinai ta Amurka ta yi masa alamar X, kamfanin ya gwammace ya sake shi ba tare da wata alama ba, abin da kan sa jaridu da gidajen silima da dama su ja da baya. Kimanin dala miliyan 8 ya samu. Ostireliya ta haramta shi har tsawon shekara 20, Birtaniya kuwa ba ta sake shi ba sai 2001.

Ba na musun cewa yawan jini shi ne babban dalilin wannan martani. Amma a ganina akwai wani dalili na biyu. Turawa sun daɗe suna dariyar masu cin naman mutane ba tare da wani ya ji tashin zuciya ba, muddin mai cin baƙi ne, ko wani mutumin daji mai nisa. Kalmar da suke kiran mai wannan ɗabi'a da ita ma ta samo asali ne daga sunan al'ummar Karib, kamar yadda Kolombus ya rubuta shi a 1492. A 1503 Sarauniya Isabella ta Sifen ta halatta bautar da duk waɗanda aka ce suna cin mutane, ka ga ke nan zargin ya zama lasisin kama bayi. Daga nan hoton baƙin mutum da ƙashi a hanci, ya saka Bature a ƙatuwar tukunya, ya zama abin raha a jaridu da katun ɗin yara. Jungle Jitters na kamfanin Warner Bros., wanda ya fito a 1938, irin wannan ne, kuma sai 1968 aka janye shi daga talbijin tare da wasu guda 10 saboda cin zarafin baƙar fata. Shi kuwa Hooper ya juya tukunyar. Mai dafawa Bature ne mai kwat da kofin gasa, masu ci kuma jama'ar gari ne da ke sanɗar baki. Dariyar da ake yi wa wani ta fi sauƙin fitowa.

Kada kuma mu yi saurin wanke kanmu, domin Hausawa na cewa laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da kalmar yamyam, wadda kakanninmu ke jifan ƙabilun da ke nesa da su, kuma irin wannan suna na nyamnyam ne aka laƙaba wa al'ummar Azande ta tsakiyar Afirka har ya shiga littattafan Turawa na ƙarni na 19. Kowace al'umma takan ajiye mai cin mutane a bayan tsaunin da ba ta taɓa tsallakawa ba.

Ɗalibai ne suka fara sauya yadda ake kallon lamarin a Amurka. Tun 1968 ɗaliban Jami'ar Colorado da ke Boulder suka raɗa wa ɗakin cin abincinsu sunan Alferd Packer, mutumin da ya amsa cewa ya ci naman abokan tafiyarsa biyar a cikin dusar ƙanƙara a 1874. A wannan jami'a ce Trey Parker ya mayar da labarin Packer fim ɗin waƙe-waƙe na barkwanci a 1993, kafin ya shahara da South Park. Kaset ɗin bidiyo da faifan DVD kuma suka ba fim ɗin Hooper sababbin 'yan kallo, waɗanda suka san tun farko cewa wasa za su gani, kuma kafin rasuwarsa a 2017 ya ga an mayar da shi abin tunƙaho. Suma dai ba ta ƙare ba. A 2016, a bikin finafinai na Toronto, sai da aka kira ma'aikatan agajin gaggawa saboda wasu da suka sume wajen kallon Raw na Julia Ducournau, kuma wannan labari ya tallata fim ɗin kamar yadda likitan Maurey ya tallata gidansa.

Ba ina kiran kowa ya je ya kalli waɗannan finafinai ba ne; wanda zuciyarsa ba ta ɗauka ya yi zamansa, babu abin da ya rasa. Abin da nake so shi ne mu riƙe tarihin, domin har yau akan sami abokin aji da zai tambaye ka cikin raha ko ana cin mutane a garinku. Maimakon fushi, ka ba shi labarin dokar Isabella da katun ɗin 1938, sannan ka tambaye shi sunan ɗakin cin abincin ɗaliban Boulder.