Mai Shayi Ɗaya a Cikin Salularka

Wanda duk ya yi amfani da intanet a Kwaya ko kan hanyar Dungass ya san jira. Rezo ya zo, ya ɓace. Amma ka lura, saƙo na kan hanya kana ci gaba da rubuta wani, shafin bai sandare ba. Wannan ɗan sauƙin ya ɗauki shekaru kafin a same shi.

A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro harshen JavaScript a kamfanin Netscape na Amurka, cikin kwana goma. Ma'aikaci ɗaya tak gare shi, aiki ɗaya a lokaci ɗaya. In ya tsaya jiran amsa daga nesa, komai ya tsaya. Sai aka yi masa dabarar mai shayi: ya ɗora ruwa a wuta, ya juya yana yanka burodi, in ruwan ya tafasa ya dawo kansa. Duk amsar da ta iso layi take shiga, shi kuma ba ya ɗaukar na gaba sai ya gama na hannunsa.

Da can, ɗan canji kaɗan sai an sake sauko da shafin dungurungum. A 1999 Microsoft ya sa wa Internet Explorer 5 hanyar aika tambaya a bayan fage. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 suka nuna amfaninta, aka raɗa wa salon suna Ajax. A 2009 Ryan Dahl ya kai wannan tsari manyan kwamfutocin da ke riƙe shafuka, da Node.js.

Sai rubutun ya rikice wa masu shirya manhaja: "in wannan ya iso yi kaza, in wancan ma ya iso yi kaza", umarni cikin umarni kamar zaren da akuya ta taka. Aka shigar da Promise cikin harshen a 2015, wato alkawarin amsa na tafe, sannan async da await a 2017. Ni dai a ganina rubutu kawai aka gyara, mai shayin yana nan shi kaɗai.

Layin ma biyu ne, kuma nan ɗalibai ke tuntuɓe. Cikar alkawari ƙaramin layi take shiga, wanda ake share shi tas kafin a waiwayi babban. Shi ya sa aikin da ka ba setTimeout, ko da sifili ka rubuta masa, zai jira alkawuran da suka cika su wuce. Kuma in ka ɗora wa ma'aikacin lissafi mai nauyi, await ba zai cece ka ba, shafin zai daskare ko da rezo ya cika sanda huɗu.