Wutsiyar doki ba ado kaɗai ba ce

1/ Ka taɓa lura da wutsiyar dawakin Yandaka, hakimin Dutsin-Ma, da na Maradi, hakimin Kurfi, ran hawan Sallah a Katsina?

2/ Da damina ita ce maficin doki, da ita yake korar ƙuda. Shi ya sa tun da can ƴan barga ke cika ta da harawa, dusa da kanwa, su warware gashin da yatsa.

3/ Da polo ya shigo zamanin Sarki Dikko (1906–1944), sai ake ɗaure ta, kar ta sarƙe sanda. Ɗaurewa fa, ba yankewa ba.

4/ Izga in an datse, sai an shekara da shekaru ta dawo. Ƴan kilisa, ku ajiye almakashi.