Takardar Kuɗin da Aka Soke a Matsayin Shaidar Tarihi: Misalin Jamus, 1910 zuwa 1925

A wannan maƙala za mu duba takardun kuɗin Jamus waɗanda aka soke bayan hauhawar farashi ta 1923, domin mu nuna cewa abin da aka rubuta a fuskar takarda yana iya ɓatar da manazarci in bai yi hattara ba. Masu sha'awar tara irin waɗannan takardu sun taimaki ilmin tarihi ƙwarai, don kuwa su ne suka adana abin da jama'a suka riƙa hura wuta da shi. Amma ma'auninsu daban, namu daban. Su suna neman takardar da ta yi ƙaranci, mu kuwa wadda ta fi yawo a hannun talakawa ita ce ta fi yi mana amfani.

A 1914 dalar Amurka ɗaya tana daidai da mak 4.20. Gwamnatin Jamus ta ɗauki nauyin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bashi, sa'an nan bayan yaƙi ga diyyar da aka ɗora mata. Da sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye lardin Ruhr a Janairun 1923, ma'aikata suka ƙi aiki, gwamnati ta riƙa buga kuɗi tana biyansu. Ya zuwa 20 ga Nuwamban 1923 dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. A watan ne aka fito da sabon kuɗi mai suna Rentenmark, guda ɗaya a madadin tsohon mak tiriliyan ɗaya. Reichsmark ya biyo baya a 1924, aka daina karɓar tsofaffin takardu a 1925.

Duk wanda ya jera takardun 1923 bisa ga watanninsu zai ga gaggawar da idonsa. Takarda tana ƙara rauni, zane yana raguwa, har aka koma buga fuska ɗaya a bar bayanta fari. Akwai ta mak 1,000 mai kwanan watan Disamban 1922 wadda aka danna wa jan rubutu a kai, ta zama ta mak biliyan ɗaya. A nan ya kamata mu ja kunnen ɗalibai: abin da Jamusawa ke kira Milliarde shi ne biliyan a lissafinmu na yau, Billion ɗinsu kuwa tiriliyan ne. Wanda bai san haka ba zai rage darajar takarda sau dubu.

Wadda ta fi jan hankalinmu ita ce babbar takardar nan ta mak 1,000 mai jan hatimi, mai ɗauke da kwanan watan 21 ga Afrilun 1910. Mai karatu zai zaci takarda ce ta zamanin da ake musanyar mak da zinariya. Alhali kuwa Babban Bankin Jamus ya ci gaba da buga ta shekara da shekaru, har bayan yaƙi, ba tare da ya sake kwanan watan ba. Mutane da yawa suka ɓoye ta a akwati, suna ganin wata rana banki zai biya su da zinariya. Wani mutum, Gustav Winter, ya tara magoya baya a kan wannan da'awa. Kotuna suka ƙi amincewa, duk da haka ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1932, ya sami ƙuri'a fiye da 100,000. Bisa ga lissafin canjin 1924, sai mutum ya kawo irin wannan takarda guda biliyan ɗaya kafin a ba shi sabon mak ɗaya. Ɓoyon da aka yi mata shi ya sa har yau take da yawa, kuma take da araha a wurin dillalai.

Har ila yau akwai kuɗin wucin gadi da garuruwa suka buga, wato Notgeld. Na farko an yi su ne saboda ƙarancin tsabar canji lokacin yaƙi. Amma yawancin masu launi da zane mai kyau na 1920 zuwa 1922 an buga su ne don a sayar wa masu tarawa, ba su shiga kasuwa ba. Garin Bielefeld har a kan siliki ya buga nasa. Saboda haka in aka kawo mana guda tsaf, ba lanƙwasa ba datti, ba za mu kafa hujja da ita a kan cinikin yau da kullum na waɗannan shekaru ba, sai mun sami wata shaida daga littattafan ajiyar kuɗi na garin da ya buga ta.